Labaran da Rajistar Turaren Ɗaso

In ka taɓa zama a unguwar Mansur ta Makka, ko na ɗan lokaci ne, to ka san Labaran ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne mai farar jallabiyar nan da ke zaune kullum a ƙofar kantin Yunus, waya biyu a hannu, yana raba wa mutane shawarar da ba su roƙa ba. A Makka aka haife shi, don kakanninsa ne suka zo aikin hajji a ƙasa suka zauna. Shekarun baya ya taɓa yin kwandastan motar da ta yi jigilar alhazan Amurka a hajji guda, kuma tun daga ranar kunnuwanmu ba su ƙara hutawa ba. Ko zancen tsadar tumatir ake yi, sai ya gyara zama ya ce, "Mu a Amurka ba haka muke yi ba." Iyakar tafiyarsa a duniya kuwa Jidda ce.

Mai sana'a a gidansu ita ce yayarsa Batulu. Turaren wuta take haɗawa, irin wanda ta koya wurin mahaifiyarsu, marigayiya Ɗaso, kuma daga Mansur har unguwar Ka'akiyya ba a kai amarya ɗaki ba tare da shi ba. Kowa turaren Ɗaso yake ce masa. Tsohuwar ba ta bar gida ko gwal ba, wannan haɗin da wannan sunan su ne gadon Batulu, kuma na tabbata da za a ce ta zaɓa tsakanin ribar da sunan, sunan za ta ɗauka.

'Yar Batulu, Manar, ita ta kawo zancen sayarwa ta intanet. Hausawan da ke zaune a Amurka suna ta tambayar turaren, sai ta ce gara a buɗe shafi a wata babbar kasuwar intanet ta can. Amma an gargaɗe ta: in ba a yi wa sunan da tambarinsa rajista a ofishin can ba, wani zai iya riga su, ya wayi gari shi ne mai sunan Ɗaso. Tana zaune da kwamfuta tana yi wa uwarta bayani, sai ga Labaran ya shigo, daidai lokacin da ake sauke tukunya, kamar yadda ya saba.

"Hanya biyu ce, Kawu," in ji Manar da Hausarta mai dogara sandar Larabci. "Imma mu ce mun riga mun fara sayarwa a Amurka, mu kawo dalil. Ko mu ce muna da niyyar farawa, su riƙe mana sunan har mu fara. Mu ba mu fara ba, ya'ani ta biyun ce tamu, halas."

Labaran ya ajiye cokali. "Niyya? Ni Labaran in rubuta wa Amurkawa cewa niyya nake yi? Ai mai niyya shi ne wanda ba shi da komai. Yunus ma yana da niyyar sayen mota tun kafin a haife ki."

"Labaran, a yi yadda yarinyar ta ce," in ji Batulu.

"Yaya, ki bar ni da mutanen nan, na san halinsu. Ba sa girmama mai cewa zan yi. Alhazai nawa suka sayi turaren nan suka tafi da shi? Akwai ƙasar da hayaƙin Inna bai tashi ba? Sai yau a ce Inna Ɗaso niyya take yi?"

Ya san inda zai taɓa. Idon Batulu ya kawo ruwa.

"A Makka suka saya, Kawu," in ji Manar. "Su so suke a ce ana sayarwa can. Kuma a ƙarshe akwai rantsuwa cewa gaskiya ka faɗa."

"Na yi wa mutum hamsin 'yan Amurka kwandasta, ke kina goye. Miƙo na'urar."

Da yake takardun kasuwancin gidan da sunansa suke, kuma da yake kawu kawu ne ko da na katako ne, Manar ta miƙa. Ya zaɓi hanyar farko. Da aka tambayi yaushe aka fara sayarwa a Amurka, sai ya sa shekarar da ya yi kwandasta. Daga nan aka nemi hoton kayan da tambarinsu a inda ake sayar da su, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, Amurka za a kawo Mansur.

Washegari da hantsi ya dira kantin Yunus da kwalaben turare da wata ƙaramar tutar Amurka da ya sa aka buga masa. Yunus mutumin Maraɗi ne, mai haƙuri, wanda bai iya cewa a'a ba sai bayan abu ya wuce. Labaran ya sa aka juya duk gwangwanin da ke da rubutun Larabci ya fuskanci bango. Ya jera turaren a tsakiya, ya maƙala farashi da alamar dala. Sannan ya zaro wata jibgegiyar rigar sanyi mai gashi a wuya ya miƙa wa Yunus.

"Mene ne wannan, Malam Labaran?"

"Sawa za ka yi. Amurka sanyi ake."

"Nan kuwa Makka ce, wallahi ko ƙwai ka ajiye a bakin titi zai dahu."

"Hoto ba ya jin zafi. Saka."

Aminullahi mai tsire aka ɗauko ya zama mai saye. Aka cire masa hula aka ɗora masa hana-salla, aka ba shi baƙin tabarau, aka ce ya miƙa hannu yana murmushi irin na wanda bai san Hausa ba. Kafin a ce haka rabin layin ya taru a ƙofa. Wata tsohuwa ta zo sayen madara, ta ga duk gwangwanaye sun juya baya, ta tambaya ko rasuwa aka yi. Kyanwar kantin ta haye teburin ciniki ta ƙi sauka. Labaran ya sa a maimaita hoton ya fi a ƙirga, yanzu hannun Aminullahi ya yi ƙasa, an jima murmushin ya cika Hausa, har gumi ya jiƙa Yunus ya zauna daɓas a kan buhun shinkafa yana neman a yi masa fifita.

Aka aika hoton ofishin rajistar. Labaran ya tura wa duk wanda ke da waya a Mansur don a ga aiki. Nan ne aka lura cewa gilashin firjin da ke bayan Yunus ya ɗauko duk taron da ke ƙofa, kowa da jallabiyarsa, ga kalandar lokutan salla a rataye a gefe, ga kuma doguwar hasumiyar agogon nan ta Harami tana leƙowa ta saman rufin maƙwabta.

"Malam Labaran," in ji Aminullahi, "ashe Amurka ma sun gina irin agogonmu?"

"Kwaikwayonmu suke yi," in ji Labaran, ko gezau.

Watanni suka shuɗe kafin amsa ta zo. Labaran ya tara mutane a ƙofar kantin, ya sa Manar ta karanta ta fassara, don a cewarsa ya manta tabarau a gida. Amsar ba ta da zafi ko kaɗan. Sun ce hoton bai nuna ana cinikin kayan a Amurka da gaske ba. Sun ba da zaɓi: ko a kawo shaida ta haƙiƙa, ko a koma hanyar niyya, ba tare da an koma bayan layi ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Manar. "Kawu, ƙofa ce suka buɗe mana. Danna ɗaya ne, mu koma niyya."

Da a ɗaka aka karanta, wataƙila da ya yarda. Amma ga Aminullahi yana danne dariya, ga Yunus yana kallon ƙasa, ga sauran 'yan zaman banza sun baza kunnuwa.

"Ba ki gane harshensu ba," in ji Labaran. "Gwada ni suke yi. Shaida suke so? Ga hajji nan tafe. Amurkawan da kansu za su zo har gida su saya."

"Ko an saya yau, bai gyara ranar da ka rubuta ba, Kawu. Kuma a Makka ne dai."

"Kwanan wata ai hannu ne ke rubuta shi."

Aka shiga watan aikin hajji, Labaran ya shiga farautar Ba'amurke. Duk wanda ya gani da jakar goyo da kwalbar ruwa sai ya tare shi da Turancinsa na mota, wanda bai wuce "shigo", "zauna" da "mun iso" ba. Ya tare Baturke, ya tare mutumin Bosniya, ya bi wani dogon bawan Allah tun daga tasha har masauki, ya tarar ɗan Zariya ne. A ƙarshe Yunus, don ya samu lafiya, ya ce yana da ɗan'uwa da ya zo daga Amurka, direban tasi ne a can, sunansa Alhaji Abdurrahim.

Ranar da Abdurrahim ya zo gaida Yunus, Labaran ya tarbe shi kamar sirikin da ya zo da mota. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo shayi da dabino, aka sa Aminullahi ya yanko tsire. Abdurrahim ya shinshina turaren ya lumshe ido.

"Kai, wannan ya tuna min ɗakin kakata. Nawa ne katan ɗin, Malam? Matan can za su yi rububinsa."

Ga ciniki ya zo har gida. Manar tana tsaye a gefe da waya a shirye don ta ɗauki hoto. Abdurrahim ya sa hannu a aljihu. Sai Labaran ya waiga ya ga idon unguwa a kansa, ya tuna cewa kwana biyu da suka wuce ya cika baki a wannan wurin cewa zuri'arsu ba ta taɓa karɓar ko sisin baƙon Allah ba.

"Haba Alhaji," in ji shi, yana danne hannun mutumin. "Baƙon Allah a garin Allah? Mu jikokin masu hidimar alhazai ne. Ɗauki katan biyu."

"Kawu," in ji Manar a hankali, "kyauta ba ciniki ba ce."

"Talla ce. Mu a Amurka haka muke yi."

Abdurrahim ya ji nauyi, ya ce bari ya rama alheri. Ayarinsu na masauki a wani dogon bene a unguwar Aziziyya, mutane da yawa, kuma yanzu sun gama umra sun kwance harami, suna zaune suna jiran ranar fita Mina. In Labaran ya zo gobe ko jibi da kayansa, zai tara masa su a falon ƙasa. Ya dai jaddada masa cewa gobe ko jibi.

Gobe ta zo, Labaran ya ce ba zai je gaban Amurkawa da tsohuwar jallabiya ba, sai tela ya gama sabuwa. Jibi ta zo, ya ce kaskon turaren Batulu ya yi ƙanƙanta, ya tafi neman aron wanda ake kunnawa a ɗakin biki, mai girman turmi. Da aka samu kaskon, sai ya ga tambarin kwalaben bai yi ƙyalli ba. Batulu ta yi magana, Manar ta yi, Yunus ma ya yi, ya yi kunnen uwar shegu da su duka. Bai shirya ba sai safiyar ranar fita Mina.

Duk wanda ya san Aziziyya ya san yadda take a wannan safiya. Motoci sun cushe, hanyoyi a rufe, ko'ina fari fat. Labaran ya yi rabin tafiyar a bayan babur, rabin a ƙasa, kasko a ka, buhun kwalabe a kafaɗa. Ya isa benen ya tarar falon ƙasa cike maƙil, maza sun ɗaura harami, mata sun shirya, kowa da jakarsa ana jiran mota ana talbiyya. Ko yaron goye a Makka ya san mai harami ba ya taɓa turare. Labaran ma ya sani, haihuwar garin ne. Amma da ya ga Amurkawa sun taru wuri ɗaya kamar an tara masa su, sai ilimin ya fice ta ƙeya.

Mai gadin benen, wani Basudane, ya tare shi. "Ya haj, ina za ka da wannan? Mutanen nan muhrimai ne, sun ɗaura harami."

"Ba shafa musu zan yi ba, ya akhi. A lungu zan kunna, su ji daga nesa, su yi oda, bayan Arfa su karɓa."

Ya zaɓi lungu kuwa, lungun da ke daidai ƙarƙashin ramin da na'urar sanyaya benen ke zuƙar iska. Ya hura gawayi ya yi jajir. Batulu ɗan tsunkule take sawa ɗaki ya ɗauka. Labaran ya juye kwalba guda, ya ga kamar hayaƙin bai kai na Amurka ba, ya ƙara ta biyu.

Turaren Ɗaso ba ya wasa. Na'ura ta zuƙe hayaƙin ta feso shi ta kowace kafa a falon, ta hau da shi benaye. Wani dattijo ya fara shinshinawa, ya dubi mayafinsa, ya ɗaga murya. Malamin ayarin ya yi tsalle ya hau kujera yana cewa kowa ya toshe hanci ya fita. Mutanen da suka tara kuɗin shekaru suka ƙetaro teku don wannan rana suka ga ƙamshi na bin haraminsu, sai wuri ya yamutse. Wasu suna kaɗe mayafi, wasu suna tambayar malam ko fidiya ta hau kansu, malam na amsawa da hanci a toshe ba mai jin abin da yake cewa. Ana cikin haka ƙararrawar gobara ta ɗauka.

"Ku tsaya," Labaran yake cewa, yana ɗaga kwalba sama. "Shigo. Zauna. Mun iso." Turancin ke nan, ya ƙare.

Abdurrahim ya ratso taron, ya ja mayafi ya rufe hanci. "Malam Labaran, gobe ko jibi na ce maka."

"Alhaji, tsaya ka riƙe kwalbar nan a ɗauke mu hoto."

"Ka matsa daga jikina, don girman Allah."

Mai gadi ya dawo da tukunyar kashe wuta. Bai tsaya tantance kasko da mai kasko ba, ya feshe su duka. Lokacin da motar 'yan kwana-kwana ta samu ta kutso cikin cunkoson, alhazan benen kaf suna kan titi, na benayen maƙwabta sun leƙo ta tagogi, kowa ya ɗaga waya. Sai ga Labaran ya fito daga cikin hayaƙi, fari tas tun daga gira har takalmi, yana rungume da buhun kwalabe, yana tari mai ƙamshi. Aka sa shi a mota aka tafi da shi ya yi bayani. Malamai suka kwantar wa alhazan hankali cewa abin da ba da gangan suka yi ba babu komai a kansu, motocin Mina suka tashi a makare.

Kafin a sako shi, bidiyon ya riga shi isa Mansur, ya wuce Ka'akiyya, ya kai Kano da Yamai. A ranar Manar ta zauna ta mayar da rajistar kan hanyar niyya, ba ta nemi izinin kowa ba. A takarda dai sunan Ɗaso ya tsira.

A bakin mutane ne aka yi asarar. Wani ɗan iska ya rubuta "turaren kwana-kwana" a ƙarƙashin bidiyon, sunan ya kama kamar wutar kara. Ciniki ya ninka, ban ƙi ba. Masu biki suka riƙa aikowa a ba su na kwana-kwana, wanda ya kori bene guda. Bayan alhazai sun koma gida, sai ga oda ta farko daga Amurka ta shigo shafin Manar, ta gaske, daga matan ayarin Abdurrahim. Su ma abin da suka rubuta ke nan.

Labaran ya shigo gidan daidai sauke tukunya, ya ji labari, ya washe baki.

"Cinikin farko daga Amurka. Wa ya kawo shi? Yaya, ki faɗa da bakinki. Manar, buɗe na'urar mu yi wa sabon sunan rajista. Wannan karon ko rantsuwar ba ƙarya, an riga an fara sayarwa."

Batulu tana zaune tana manna tambari a kwalabe. Ba ta ɗago ba.

"Inna ta yi rayuwarta kaf a gaban garwashi kafin sunanta ya zauna a bakin mutane," in ji ta. "Kai ka goge shi kafin motar Mina ta tashi. Ɓarawon Amurka muke tsoro, ashe yana nan yana cin tuwona."

Ta ci gaba da manna tambarin, hawaye na sauka a kan hannunta. Labaran ya ture kwanon tuwo gefe. Abin ya shige shi sosai, har abincin bai iya taɓawa ba.

Sai aka yi sallama a ƙofa. Wata mata ce baƙuwa, da 'yar jaka a hannu.

"Don Allah nan ne ake sayar da turaren kwana-kwana?"

Labaran ya miƙe, ya je bakin ƙofa, ya gyara murya.

"Hajiya, nan turaren Ɗaso ake sayarwa. Ɗaso mahaifiyarmu ce."

"Allah ya ji ƙanta," in ji matar. "Na yi ɓatan kai ke nan. Ni na kwana-kwanan nake so."

Ta juya ta tafi tambaya a gaba.